Yadda ake yi wa mabuɗi ruwan jan ƙarfe da batir

Yawancin masu gwada wannan aikin datti ne ke kayar da su. Samu mabuɗin tagulla ka goge shi da sanfefa, ka wanke da sabulu ka ɗauraye sosai, daga nan kar ka sake taɓa shi da hannu, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa rufin ya ɓare kamar ɓawon albasa.

Sai ruwan. Narka giram 200 na kofa salfet, wannan shuɗin gishirin, a lita ɗaya ta ruwa, ka ƙara salfurik asid kamar giram 50. Asid ɗin ake zubawa cikin ruwa a hankali, kar ka kuskura ka zuba ruwa cikin asid, kuma ka sa safar hannu da tabarau. Ɗaura guntun jan ƙarfe a fozitif ɗin batir, mabuɗin a nagetif, ka tsoma su ba tare da sun taɓa juna ba. Batir mai bolt 1.5 ya wadatar.

To me ke faruwa a ciki? Shuɗin nan da kake gani Cu2+ ne, wato jan ƙarfen da ya rasa ilektiron biyu, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki. In ya iso jikin mabuɗin ba lokaci guda yake karɓar biyun ba, ɗaya zai fara karɓa ya zama Cu+, kuma wannan matakin shi ne mai nawa, sannan ya cafke na biyun ya zauna a matsayin ƙarfe. Shi Cu+ ba ya jimawa a irin wannan ruwan, da biyu sun haɗu sai ɗaya ya koma Cu2+ ɗayan ya faɗi ya zama gari, shi ne wannan jan ƙurar da za ka gani ta taru a ƙarƙashin guntun fozitif. Guntun kuwa narkewa yake yana mayar da abin da ya fita, shi ya sa shuɗin ba ya kodewa.

Amfiya ɗaya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana, a awa ɗaya giram 1.19 na jan ƙarfe take ajiyewa a jikin mabuɗin. A ruwan sayanaid da masana'antu ke amfani da shi ninki biyu ake samu don can Cu+ ne, ilektiron ɗaya kawai yake buƙata, amma guba ce mai kisa, ba ta gida ba ce sam.

In ka ga rufin ya yi duhu yana gari-gari, wuta ta yi yawa, nisanta mabuɗin da guntun ko ka rage ta. Kuma kar ka fara da ƙusa, baƙin ƙarfe yana jawo jan ƙarfen da kansa tun kafin ka jona batir, rufin da tsumma ma zai goge shi.