Yadda ake lissafin katako mai ɗauke da kaya a darasin mekanik

Abin da ke kayar da sababbin ɗalibai a statik, wato lissafin ƙarfi a kan abin da ba ya motsi, ko a lise ne ko a shekarar farko ta jami'a a nan Damagaram, shi ne gaggawa. Da an ba yaro tambaya sai ya rarumi kalkuleta, bai ma zana komai ba.

Ga misalin da za mu bi. Katako ne mai tsawon mita 4, an ɗora shi kan bulo biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. An aje bido mai lita 25 cike da ruwa, irin wanda ƴan garuwa ke jerawa a kura, mita 1 daga bulon hagu. Nawa kowane bulo ke ɗauka?

Fara da mai da kilo zuwa niwton, ma'aunin ƙarfi. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka 25 sau 9,81, lambar jan ƙasa, ya ba ka kusan niwton 245. Wasu malamai na yarda a sa 10 a maimakon 9,81. Ni dai ban so, sai in gwajin amsa za ka yi da ka.

Yanzu ware katakon, nan ne aikin yake. Zana shi shi kaɗai, layi guda a kwance, ba bulo, ba bido, ba ƙasa. Duk abin da ka cire mai taɓa katakon, kibiya ce za ta maye gurbinsa a daidai inda yake taɓawa. Bido ya tafi, sai kibiya mai kallon ƙasa, ka rubuta 245 a gefenta. Bulo biyu sun tafi, sai kibiyoyi biyu masu kallon sama, ta hagu A, ta dama B.

A nan ake yawan tambaya: bulon da ba ya motsi, ta yaya zai tura? Danna tafin hannunka kan tebur da ƙarfi, ka ji yadda teburin ke mayar maka. Wannan ita ce doka ta uku cikin dokokin da Newton ya wallafa a 1687. Amma a kula, dokar nan ita ce ke ruɗa mutane. Sai ka ga ɗalibi ya zana turin da bulo ke yi wa katako, ya kuma ƙara wanda katako ke yi wa bulo, a zane guda, su cinye juna, ya tashi da sifili yana murna. Kai katako ka ware, to abin da ake yi wa katako kawai za ka zana. Wanda katakon ke yi wa wasu ba ruwanka da shi. Nauyin katakon kansa mun yi watsi da shi. In an ba ka shi, sa kibiyarsa a tsakiya, mita 2.

Da fensir da rula ake wannan, ba biro ba, kuma zanen ya ci rabin shafi. Kar ka yi rowar takarda, bayan tsofaffin fotokofi ma ya wadatar.

Saura lissafi. Katakon ba ya hawa ba ya sauka, saboda haka A da B in an haɗa 245 ne. Ba ya juyawa kuma, don haka ƙarfin juyi, wato ƙarfi sau nisa, dole ya tashi sifili. Auna nisa daga bulon hagu, A zai fita daga lissafin tunda nisansa sifili ne. B sau 4 daidai yake da 245 sau 1, B ya zama kusan 61, A kusan 184. Bulon da ke kusa da bidon ya fi shan nauyi. In naka ya nuna akasin haka, koma kan zane.

In amsa ta fito da alamar ragi, kibiyar ce ka juya, in dai lissafinka daidai ne. In ƙarfin a karkace ya zo, kamar igiyar guga da ake ja daga gefen rijiya, raba shi biyu da kosinus da sinus, ka tabbata kalkuletarka na kan digiri. Kuma rubuta N, alamar niwton, a bayan kowace amsa, masu gyaran takarda na cire maki a kansa.