Yadda Ake Zaɓar Digiri na Biyu a Fannin Tsaro, Sarrafa Haɗari da Yaƙi da Ta'addanci

Jami'o'i da dama kan haɗa tsaron ƙasa da ƙasa, sarrafa haɗari da yaƙi da ta'addanci a ƙarƙashin suna ɗaya, su tallata su a matsayin kwas guda, alhali kuwa fannoni uku ne, kowanne da tushensa da malamansa da irin aikin da yake kai mutum gare shi. Don haka, kafin mai neman karatu ya fara cike fom, ya kamata ya zauna ya rubuta wa kansa aikin da yake son a same shi yana yi bayan ya kammala, domin wannan amsar ce za ta nuna masa ƙasar da zai nufa da kwas ɗin da zai ɗauka, har ma da batun da zai rubuta kundinsa a kai.

Tsaron ƙasa da ƙasa reshe ne na nazarin hulɗar ƙasashe, wanda aka kafa masa kujerar farfesa ta farko a Aberystwyth da ke Birtaniya a shekarar 1919, bayan ɓarnar Yaƙin Duniya na Farko. A nan ake nazarin dalilan ɓarkewar yaƙi, ƙawancen soja, makaman nukiliya da aikin wanzar da zaman lafiya, kuma Sashen Nazarin Yaƙi na King's College da ke Landan, wanda aka buɗe a 1962, yana cikin waɗanda suka yi suna a kai. Sarrafa haɗari kuwa daga harkar inshora da injiniyanci da gudanar da kamfanoni ya taso, kuma tambayarsa a kullum ita ce me zai iya lalacewa, yaya yiwuwarsa take, wace asara zai jawo, wa kuma zai ɗauki nauyin rage shi. Shi nazarin ta'addanci ya fi su ƙuruciya. Cibiyar da Jami'ar St Andrews ta kafa masa a 1994 tana cikin tsofaffi a Turai, amma fannin bai bunƙasa sosai ba sai bayan hare-haren 11 ga Satumban 2001, lokacin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1373, wanda ya wajabta wa ƙasashe toshe hanyoyin kuɗin 'yan ta'adda. Daga nan kwasa-kwasai suka yi ta ɓullowa, kuma a ganina wasunsu tsohon darasin siyasa ne kawai aka sauya wa suna domin jan ɗalibai.

Hanyar gane na gaske ita ce karanta manhajar da idon basira. A fara da darussan da aka wajabta, domin su ne ainihin abin da za a koya. Jerin darussan zaɓi yakan yi tsawo a shafin jami'a, amma ba dukansu ake koyarwa kowace shekara ba, kuma babu laifi a aika wa sashen wasiƙa a tambayi waɗanda aka gudanar a bara. Sai a duba malaman ɗaya bayan ɗaya: me suka wallafa a 'yan shekarun nan, wane yanki na duniya suke bincike a kai, kuma akwai wanda ya taɓa aiki a gwamnati ko ƙungiyar agaji ko kamfani a cikinsu? Ɗalibin da ke son rubutu a kan fashin teku, ya je sashen da babu mai ilimin tsaron ruwa, zai sha wahala wajen samun mai duba masa aiki. Abu na uku shi ne darasin dabarun bincike. Duk kwas ɗin da bai tilasta wa ɗalibi koyon tattara bayanai da tantance su ba, to ra'ayi zai koya masa, ba bincike ba.

Akwai kuma wata alama da nake ba muhimmanci ƙwarai, wato yadda kwas ɗin ke ɗaukar batun shari'a. Har yau ƙasashen duniya ba su amince da ma'ana guda ta ta'addanci ba, abin da ya sa daftarin babbar yarjejeniyar da ake son ƙullawa a kai ya daɗe ba a cimma matsaya a kansa ba a Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsarin yaƙi da ta'addanci da Majalisar ta amince da shi a 2006 yana da ginshiƙai huɗu, na huɗun kuwa kare haƙƙin ɗan Adam ne da bin doka. Manhajar da ba ta taɓa wannan muhawarar ba, ba ta kuma koyar da Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 a kan dokokin yaƙi ba, ta bar giɓin da zai dami ɗalibi ranar da aka ba shi aikin rubuta shawara ga mahukunta.

Tsawon karatun ya danganta da ƙasa. A Birtaniya yawanci shekara ɗaya ce cur, zango biyu na darussa sannan kundin bincike a watannin ƙarshe. A Amurka, kamar shirin nazarin tsaro na Jami'ar Georgetown da ke Washinton, da kuma ƙasashen Turai da yawa, an fi yin shekara biyu. Gajeren ya fi sauƙin kuɗi, dogon kuma ya fi ba da damar samun horon aiki a wata hukuma. Wanda ke da aiki a hannu yana iya yin na intanet, sai dai ya tabbatar hukumomin ƙasarsa sun amince da jami'ar.

Ba lallai ba ne digirin farko ya kasance na kimiyyar siyasa. Ana karɓar waɗanda suka karanta shari'a, tarihi, tattalin arziki, halayyar ɗan Adam ko kwamfuta, haka nan sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan agaji da suka daɗe suna aiki. Akan nemi sakamakon digirin farko, wasiƙun shaida daga malamai ko shugabannin aiki, da shaidar iya Turanci, wadda a jarrabawar IELTS takan kama daga maki 6.5 zuwa 7. Inda masu nema suka fi faɗuwa shi ne takardar bayanin manufa. Masu tantancewa sun gaji da karanta cewa mutum yana son kawo zaman lafiya a duniya. Abin da ke tsayar da idonsu shi ne tambaya ƙwaya ɗaya takamaimiya, misali me ya sa wasu mayaƙan da suka ajiye makamai ke komawa daji bayan an yi musu shirin gyaran hali, sannan mai neman ya nuna abin da ya gani ko ya karanta da ya haifar masa da tambayar, ya kuma ambaci darasi da malamin da za su taimaka masa wajen amsa ta.

Neman tallafin karatu yakan fara kusan shekara guda kafin a shiga aji. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan digiri na biyu na shekara ɗaya, yana neman gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu, kuma yana sharɗanta wa wanda ya samu ya koma ƙasarsa na shekara biyu bayan kammalawa. Akwai Fulbright na Amurka, DAAD na Jamus, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, wanda a ƙarƙashinsa ɗalibi kan yi karatu a jami'o'in ƙasashe fiye da ɗaya.

Idan an samu shiga, a mayar da hankali ga abin da za a iya nuna wa mai ɗaukar aiki. A koyi amfani da rumbunan bayanai na fannin: na Jami'ar Maryland da ya tattara hare-haren ta'addanci tun daga 1970, na ACLED da na Jami'ar Uppsala a kan rikice-rikice, da na cibiyar SIPRI da ke Stockholm a kan cinikin makamai da kuɗin da ake kashe wa soja. Kowannensu yana da ƙa'idarsa ta ƙirga abin da ya faru, shi ya sa alƙalumansu kan saɓa wa juna a kan rikici ɗaya, kuma gane dalilin saɓanin shi kansa ilimi ne. A ɓangaren sarrafa haɗari, a san ma'aunin ISO 31000, wato jagorar ƙasa da ƙasa ta sarrafa haɗari, wanda aka fitar a 2009 aka sabunta a 2018, a kuma saba da rubuta jadawalin haɗari. A ce wata ƙungiya za ta tura ma'aikata yankin da ake rikici: a layi guda za a rubuta barazanar, wato garkuwa da mutane a kan hanya, a ba yiwuwar aukuwarta maki daga 1 zuwa 5, a ba girman asararta maki haka, a ninka su, sannan a rubuta matakin ragewa, kamar hana tafiyar dare da kiran ofis a lokutan da aka tsara, a ƙarshe a sa sunan jami'in da alhakin ke wuyansa. Haka kuma a koyi taƙaita rahoto mai tsawo a shafi ɗaya, domin mahukunta ba su da lokacin karanta talatin.

Kundin bincike yana da nasa tarkon. Ba a yarda ɗalibi ya yi hira da tsofaffin mayaƙa ko waɗanda hari ya rutsa da su ba sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, izinin kuma yakan ɗauki lokaci, saboda haka a nema da wuri. Karanta farfagandar ƙungiyoyi masu tsattsauran ra'ayi ma yana iya jefa mutum cikin matsala: a Birtaniya, sashe na 58 na dokar ta'addanci ta 2000 ya haramta mallakar bayanan da za su amfani mai shirya hari, gyaran 2019 kuma ya haɗa da kallonsu a intanet. Binciken ilimi uzuri ne da dokar ta amince da shi, amma a samu amincewar jami'a a rubuce kafin a buɗe irin waɗannan shafuka.

Game da aiki, hukumomin leƙen asiri da ma'aikatun tsaro kusan duka 'yan ƙasa kaɗai suke ɗauka, bayan dogon binciken asali da hali, don haka baƙon ɗalibi kada ya sa rai da su a ƙasar da ya yi karatu. Ƙofofin da suka fi buɗewa su ne cibiyoyin bincike, ƙungiyoyin agaji, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, kamfanonin ba da shawara kan haɗari, da sassan bankuna masu sa ido kan halasta kuɗin haram, inda ake bin shawarwari 40 na FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da wannan laifi da aka kafa a 1989. Mai niyyar koyarwa a jami'a kuwa sai ya wuce zuwa digirin digirgir, kuma makin kundinsa da wasiƙar malamin da ya duba shi suna cikin abubuwan farko da za a tambaya.