Yadda ake gwada abin da ke jawo furotin AP2 zuwa jikin tantani

Ƙwayar halitta ba ta haɗiyar kaya barkatai. In za ta shigo da sinadarin ƙarfe ta makarɓar taransferin (furotin da ke ɗauke da ƙarfe a jini), sai ta lotsa ɗan yanki na tantaninta zuwa ciki, ta lulluɓe shi da ragar kilatirin, furotin da Barbara Pearse ta raɗa wa suna a Kambirij a 1975. Sai dai kilatirin ba ya iya kama tantani da kansa, bai kuma san kaya ba. AP2 ne ɗan kamashon tashar, shi ke tantance fasinja ya haɗa shi da mota. To shi kuma me ke kiransa tantanin waje, ya ƙyale na Golgi, sashen cikin ƙwaya da ke tattara furotin ya aika? Ana iya samun amsar a bututun gwaji.

Fara da furotin. Tsohuwar hanya ita ce a tace ƙunsoshi masu rigar kilatirin daga ƙwaƙwalwar shanu, a tuɓe rigar da ruwan Tris mai ƙarfi, a ware AP2. Yanzu an fi sa bakteriyar E. coli ta ƙera gangar jikinsa mai sassa huɗu: alfa, beta2, miyu2 da sigma2. Ko wanne ka samu, wulwula shi a santirifuj kafin aiki, gudajin da suka dunƙule su kwanta ka zubar.

Sai tantanin gwaji, wato lifosom, 'yan ƙananan ƙunsoshin kitse. Gauraya kitsen PC da PE da ɗan PS a kulorofom, ka busar da iskar naitirojin har ya zama siririn shafi a gindin kwalba, ka bar shi a injin zuƙe iska don ragowar kulorofom ya tafi. Zuba ruwan gwaji, girgiza, ka matsa ta matata mai ƙofofin nanomita 100 har ruwan ya daina yin fari kamar da.

Nan ne hikimar aikin take, domin kashi huɗu za ka haɗa. Na farko zalla. Na biyu da PIP2, kamar kashi 5 cikin 100. Shi ne kitsen da ya zama shaidar tantanin waje. Na uku da guntuwar wutsiyar kaya, misali YQRL ta furotin TGN38 (jerin amino asid huɗu, Y ɗin shi ne tairosin), a ɗaure ta jikin kitse ta hanyar sistin da malemaid. Na huɗu da su biyun. Ni zan ƙara na biyar, inda aka musanya tairosin ɗin wutsiyar da alanin, saboda duk wanda ya san harkar zai tambaye ka shi. Kula da PIP2: ba ya narkewa sosai a kulorofom kaɗai, sai an sa masa metanol da ɗigon ruwa. In bai narke ba, zai maƙale a kwalba, kai kuwa kana zaton yana cikin tantani.

Zuba AP2 daidai wa daida a kowane bututu, gishiri ya tsaya wajen milimola 150, ka bar su kamar rabin awa. Kada ka cika gishiri, don caji ne ke riƙe furotin da PIP2, gishiri mai yawa kuwa yana sassauta shi.

Wajen rabawa, mutane sun fi son su wulwula har lifosom ya kwanta, su duba abin da ya bi shi ƙasa. Akwai sauƙi, amma furotin da ya lalace shi ma ƙasa yake yi. Gara ka gauraya samfurin da ruwan sukuros mai kauri, ka jera masu sauƙi a kansa, ka wulwula da ƙarfi. Lifosom zai taso sama da duk abin da ya kama shi da gaske. Ɗebi saman da ƙasan, ka gudanar a jel na SDS, mai raba furotin bisa girma, inda AP2 zai fito a layi-layi.

Abin da za ka gani: zallan kusan fayau, mai wutsiya kaɗai ɗan dishi-dishi, mai PIP2 ya fi shi, na huɗun kuwa layi baƙi ƙirin. Dalili shi ne AP2 a rufe yake yawo cikin ƙwaya, beta2 ya toshe gurbin da wutsiya za ta shiga. Sai ya dafa PIP2 sannan miyu2 ke juyowa ya kwanta a tantani, gurbin ya buɗe, kayan da ya shiga kuma ya hana shi sake rufewa. Ɗakin binciken David Owen ne ya nuna surar rufen a 2002, ta buɗen a 2010.

In AP1, takwaran AP2 a Golgi, kake so, sauya PIP2 da PI4P, kuma dole ka ƙara furotin Arf1 mai jelar kitsen miristet, bututu ɗaya da GDP mai barinsa a kashe, ɗaya da GTP mai kunna shi, irin wanda ba ya fashewa. A na biyun ne zai kama. Tabbatar da shi a ƙwaya mai rai da sinadarin birefeldin A, wanda ke hana a kunna Arf1: cikin 'yan mintoci AP1 zai watse daga Golgi, ɗigogin AP2 kuwa suna nan daram a tantanin waje.