Yadda ake canza kwas zuwa injiniyarin a jami'o'in Legas

Yaranmu da yawa na Agege da Idi-Araba injiniyarin suka cike a JAMB amma aka tura su Physics ko Chemistry, suka karɓa da niyyar in sun shiga su canza. Ana canzawa kam, sai dai da shiri.

Ɗan'uwa fara ɗauko sakamakonka na WAEC ko NECO, dole akwai kiredit biyar ciki har da Turanci, lissafi, Physics da Chemistry, in ɗaya ya ɓace to gyara shi tukuna. Sannan ka riƙe aji ɗaya da hannu biyu, CGPA ɗin shekarar farko, wato matsakaicin makinka na duka darussa, ake kallo kuma gurbin kaɗan ne masu nema ko da yawa. Kar ka tsaya jin ta bakin abokai a hostel, je ofishin sashen da kake so da ƙafarka ka tambayi makin da suke karɓa da lokacin fitar fom, don sai shugaban sashenku ya sake ka na can kuma ya amince.

Ka yi lissafi da mahaifinka ko yayan da ke biya maka, gaskiya wannan ya fi damuna. Injiniyarin shekara 5 ce ba 4 ba, wani ma sai an sa shi maimaita aji, ga kuɗin mota da na haya, misali in LASU, jami'ar jihar Legas, kake kana kwana Alaba Rago kana takawa harabarta ta Ojo, to tsangayar injiniya a Epe take, tashi ya kama ka kenan. In shekarunka sun ja ka tuna wanda ya haura 30 kafin ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa.

Da an amince maka ka bi ta JAMB a gyara takardar admishan ɗinka ta nuna sabon kwas, in ba haka ba ranar tura sunaye NYSC, hukumar bautar ƙasa, za ka sha wuya wallahi.

Aji biyu ne ke kayar da masu canji, ga zanen injiniya kana duƙe kan allo da fensir har dare, ga wokshop, ga lissafi ba sassauci. Hutun da ke gabansa ka zauna da kalkulas kullum, ka roƙi tsofaffin tambayoyi wajen 'yan aji uku. SIWES, wato horon aiki a kamfani na wata 6 a aji huɗu kuwa, tun da wuri ka fara kai takarda kamfanonin Ikeja, Apapa da Lekki, wurin da za a bar ka ka taɓa inji ka nema ba inda za a riƙa aikenka sayo abinci ba.