Hutun Bakin Teku: Kurakuran da Ake Yi Wajen Zaɓen Wuri Mai Shiru

Mai son hutun da zai yi iyo, ya tuƙa kwale-kwale, ya taka gaɓar teku da ƙafa, yakan nemi inda babu cinkoso. Babban kuskure shi ne ka ga hoton rairayi fetal babu kowa, ka biya kuɗin masauki, ba ka tambayi abin da ya hana jama'a zuwa ba. Wani wurin nisa ce kawai ta ɓoye shi, wani kuwa ruwansa ne ba ya shiguwa.

Fara da cika da janyewar teku. A yawancin gaɓoɓi ruwa na cika sau biyu a rana, tsakanin wata cika da mai bi mata kusan awa 12 da minti 25, saboda haka kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Inda gaɓa ta kwanta, ruwan kan ja baya ɗaruruwan mita. Haka abin yake a Paje, gabashin Zanzibar, alhali a Nungwi da ke arewacin tsibirin ana iya iyo kusan kowane lokaci. Janyewar ta fi tsanani a kwanakin sabon wata da kuma cikarsa. Nemi jadawalin ruwan na ainihin kwanakin da za ka yi a wurin. Mai tattaki ma yana buƙatarsa, domin hanyar da ka bi ta gindin dutse da hantsi tana iya nutsewa kafin ka juyo.

Sai iska, wadda ita aka fi rainawa. Idan tana busowa daga tudu zuwa teku, ruwan bakin gaɓa yakan kwanta lumui, mutum ya ɗauka ranar fita da kwale-kwale ce. Ita ce kuwa iskar da ke tura shi ciki, dawowa ta gagara. A fita da safe kafin ta tashi, a fara tuƙi ana fuskantarta don ta taimaka wajen komowa, rigar ceto kuma tana jiki. A tsibiran Girka da ke tekun Ejiyan, iskar arewa mai suna meltemi kan yi kwanaki tana kaɗawa a Yuli da Agusta. A irin wannan wuri, zaɓi tsibirin da hanya ta ratsa shi, yadda idan gefe ɗaya ya rikice za ka koma ɗayan.

Rairayin da babu kowa, galibi mai ceto ma babu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda akwai igiyar da ke jan ruwa daga gaɓa zuwa ciki, kuma tana yaudara: takan bayyana kamar wani lungu mai natsuwa tsakanin raƙuman ruwa masu fashewa, wanda bai sani ba sai ya nufi can. In ta kama ka, kada ka yi kokawa da ita. Kwanta a kan ruwa, ɗaga hannu, sannan ka yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinta. Ya fi kyau ka sauka a wuri mai shiru amma kusa da gaɓar da ke da masu ceto, inda a ƙasashe da yawa ake kafa tuta mai ja da rawaya, a yi iyo a tsakaninsu.

Wasu kan gudu daga cinkoso su zo kafin lokacin baƙi, su tarar masu hayar keke da kwale-kwale ba su buɗe ba, ruwa kuma da sauran sanyi, don teku ba ya ɗumi da sauri kamar tudu. Ruwan da ke ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius yana iya sarƙe numfashi da zarar an faɗa. Makonnin da ke bayan lokacin baƙi sun fi: mutane sun ragu, ruwa bai huce ba.

Kada ka amince da tallar masauki mai cewa “mita 300 daga teku” sai ka duba taswira. Mai yiwuwa matakala ce a jikin dutse.

Tsibiri kuwa jirgin fito ne ke riƙe da shi, iska kuma tana hana jirgin tashi. Kada ka haɗa fitowa daga tsibiri da tashin jirgin samanka rana ɗaya, ka kwana ɗaya kusa da filin jirgi. Wanda ya yi kwanaki yana nutso da tukunyar iska ya bar aƙalla awa 18 kafin ya hau jirgin sama. Tun kafin ka biya, tambayi mai masauki inda asibiti mafi kusa yake, da yadda ake fitar da marar lafiya cikin dare bayan jirgin fito na ƙarshe ya tashi.