Shawara ga masu tara kuɗin Notgeld na Jamus

Notgeld kuɗin wucin gadi ne da garuruwan Jamus suka buga a lokacin ƙarancin kuɗi. Kada ka saye su ɗai-ɗai. Jira mai sayarwa a dunƙule, ka yi sari.

Yawancin masu launin nan na 1920 zuwa 1922, ƙananan garuruwan Jamus sun buga su ne don masu tarawa, ba don cefane ba. Shi ya sa har yau suke sababbi fil, kuma ga su nan birjik. Kada kyansu ya ruɗe ka har ka biya da tsada.

Duba dai ko jerin ya cika, don gari guda kan fitar da takardu da dama masu ba da labari ɗaya.

Dabarar sari ba ta ci a kan na 1914, ko na birnin Bielefeld da aka buga a kan siliki. Waɗannan kam sai ɗai-ɗai, kuma sai ka ga hoton gaba da baya.