Darasi na 6: Dala a baki, sefa a waya

A kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru, idan mai albasa ta ce "dala ɗari", kowa ya san takardar 500 take nufi, domin dala ɗaya sefa 5 ce. A Kuseri da Njamena riyal suke cewa, amma lissafin ɗaya ne. Waya kuwa ba ta san dala ba. Ko Orange Money ko MTN MoMo, sefa ake dannawa. Wata baiwar Allah a ajinmu ta tashi tura wa ɗanta dala dubu, ta danna 1000, yaro ya karɓi kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka yi masa alkawari, har ya yi zaton uwarsa ta rage masa. Ku riƙe wannan: daga dala zuwa sefa a ninka sau 5. Dala dubu sefa 5,000 ke nan.

To, bayan an iya ƙirga kuɗi, ina za a ajiye su? Manomin auduga yana karɓar kuɗinsa daga kamfanin auduga na Sodecoton a dunƙule, sai biki da bashi da 'yan "taimaka mini" su taso masa. Kafin watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada, aljihu wayam. Maganin shi ne a ware na ajiya tun ranar da kuɗin suka shigo hannu.

Binne kuɗi a tukunya ko cusa su cikin katifa ya ci mutane da yawa. Akwai gara, akwai gobara, akwai ɓarawo. Ga kuma canjin kuɗi: babban bankin BEAC, mai buga sefar ƙasashe shida har da Kamaru da Chadi, ya fito da sabbin takardu a ƙarshen 2022, kuma a 2023 takardun 1992 suka daina karɓuwa a kasuwa. Wanda ya binne irinsu ya manta, takarda kawai zai tono.

Adashi mun gaje shi, kuma yana da daɗi ranar kwasa. Rauninsa shi ne komai yana wuyan uwar adashi, kuma ba ka samun kuɗinka sai layi ya zo kanka. Shi ya sa na fi son tsarin akwati, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara. Mutum 15 zuwa 25 ne suke haɗuwa duk mako. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mutum uku daban, akwatin kuma yana kwana a gidan na huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Ana ƙirga zubi da babbar murya, a buga wa kowa hatimi a ɗan littafinsa, don haka wadda ba ta iya karatu ba ma tana iya ƙirga hatiminta. Akwai ƙaramar jaka ta daban don rashin lafiya ko rasuwa. Mai bukata yana rance ya biya cikin 'yan watanni, idan shekara ta zagayo a raba. Batun ƙari a kan rance kuwa, ku zauna da malaminku na addini tun kafin zubin farko, kada riba ta shigo ta raba kan ƙungiya.

Idan kuɗi sun fi ƙarfin akwati, a kai su banki ko ƙaramin bankin ajiya, amma a tambayi takardar izininsu, domin hukumar COBAC ce ke sa ido a kan irin waɗannan wurare. Lambar sirrin waya kuma ba a faɗa wa kowa, ko da ya kira ya ce daga kamfani yake.

Abin da ke damuna shi ne, a aji a ce wannan, a rediyo a ce wancan, mai shagon tura kuɗi ya ce nasa. A ganina ya kamata azuzuwan manya daga Marwa zuwa Garwa har Ngaundare su riƙa jan layi iri ɗaya a littafi: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita, saura. Mai unguwa da liman da shugabar mata su ma su san wannan tsari, don macen da aure ya kai wani gari ta tarar da lissafin da ta saba.

Aiki: Mata 20 suna zuba dala ɗari kowace Juma'a. Ku rubuta da sefa abin da ke shiga akwati a mako ɗaya, sannan a mako 40. Ku ja layukan nan huɗu a littafinku, ku cika su da cefanen wannan mako, ku zo da shi ranar Litinin.